Maganin ƙarin jini da girman yara: abin da aka tattauna

A wata tattaunawa tsakanin iyaye da masu ilimin lafiya, tambayar da iyaye suka fi maimaitawa ita ce ko maganin ƙarin jini mai sinadarin ayon (ƙarfen da jiki ke haɗa jini da shi) yana sa yaro tsayi da ƙiba. Amsar da masu ilimin abin suka bayar ba ta yi wa wasu daɗi ba: aikinsa shi ne cike ƙarancin jini, kuma yaron da jininsa ya wadata ba lallai ya ƙaru da komai ba. Akwai ma binciken da ya nuna ƙaruwar nauyin irin wannan yaro na iya ja baya kaɗan. Wannan ya tsaya mini a rai, domin iyaye da yawa suna bayarwa ne da kyakkyawar niyya.

Ayon ɗin da jariri ya zo da shi daga ciki yakan ragu wajen wata 6. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar miligiram 10 zuwa 12.5 na ayon kullum ga yara 'yan wata 6 zuwa 23, wata 3 a jere a shekara, a wuraren da yara masu ƙarancin jini suka kai kashi 40 cikin ɗari. Inda zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa kuwa, sai an haɗa da rigakafinsa da magani.

An kuma ja kunne: shayi na hana jiki tsotse ayon, lemun zaƙi na taimakawa. Kashin yaro ya yi baƙi saboda maganin ba abin tsoro ba ne. Amma a ɓoye kwalbar, domin yaro ya sha da yawa guba ne, sai asibiti nan take.