Sire Marcus Miller V7, tsohon ƙira ko sabo, wanne zan ɗauka?

Bulus_Bes:
Barkanku da yamma 'yan uwa. Dan Allah masu kaɗa bes ina neman shawara kafin wata ya ƙare. Ni nake kaɗa wa ƙungiyar matasa a majami'armu nan Tudun Wada a Jos, wani lokaci kuma biki in an kira mu, na daɗe ina tara kuɗi domin gitar bes ta Sire V7 mai waya biyar, toh yanzu guda biyu sun fito min lokaci ɗaya. Ɗaya na hannu ce a wurin wani a Bukuru, ƙirar farko, ɗayar kuma sabuwar ƙira ce wadda wani zai aiko min daga Alaba a Legas, amma bambancin kuɗin zai iya saya min ƙaramar amfilifaya ta koyo a gida. Wasu na cewa ta farkon ta fi sauti, wasu na cewa kar ma in kalle ta. Wanda ya taɓa riƙe duka biyun ya faɗa min gsky, ina bambancin yake?

Oga_Danladi:
Ƙanena sannu da ƙoƙari. Na riƙe duka biyun kuma ta farkon tana ɗakina har yanzu, bari in faɗa maka abin da hannuna ya ji. V7 ta fito ne a 2015, bayan shahararren mai kaɗa bes Marcus Miller ya bar kamfanin gita na Fender ya haɗa kai da kamfanin Sire, a Indonesiya ake ƙera su, sai a 2018 suka fito da ƙira ta biyu. Siffar jikin ba ta canja ba, tana nan kamar Jazz Bass ɗin da shi Marcus ya yi suna da ita, tasa ta 1977. Firiyam ɗin ma, wato na'urar cikin gitar da ke ƙarfafa sauti da daidaita shi, tsarinsa ɗaya, batir biyu masu bolt 9 wato 18, ga maɓallin da kake juyawa daga aktif (sauti ya bi ta firiyam) zuwa fasif (ba ya bi ta cikinsa), ga kuma wanda ke ba ka damar zaɓen inda mid, wato sautin tsakiya, zai zauna, wannan ɗin shi ne abin da ya sa mutanenmu suka rungumi gitar tun farko domin a wannan kuɗin ba ka samun irinsa.

Babban bambancin a wuya yake. Ta farkon allon yatsunta ya fi kumbura, inci 7.25 ne lanƙwasar, sabuwar kuma 9.5 wato ya ɗan fi shimfiɗuwa, kuma sun goge gefen allon ya yi laushi, in ka zura hannu sama da ƙasa babu abin da ke kartar ka. Bayan wuyan tsohuwar fenti ne mai ƙyalli, in ka yi gumi a tsakiyar sujada mai tsawo hannu yakan riƙe, sabuwar ba ta da wannan ƙyallin sai hannu ya bi sumul. Ni dai a mai waya biyar, inda wuyan ya riga ya yi faɗi, wannan gyaran ba ƙaramin abu ba ne, kuma in kana son wayoyin su kwanta kusa da allo saboda silaf, wato kiɗan dukan waya da babban yatsa, sabuwar ta fi sauƙin saitawa. Maganar wai ta farkon ta fi sauti kuwa, in ka sa musu sabbin wayoyi iri ɗaya ka bi ta miksar majami'a da ganga da kibod a kai, ban ga wanda zai tsaya a baya ya ce wannan ce tsohuwa ba.

Gyang_Rayfield:
Oga Danladi ina gaisuwa, amma ni ban yarda da kai duka ba. Wannan kumburin 7.25 ɗin ba aibi ba ne, haka tsofaffin Fender suke, kuma wanda ya saba da shi yana jin daɗinsa, ni yatsuna sun fi zama a kai. Sannan akwai maganar katako. Mai jikin alder ta farko rosewood ne a allonta, sabuwar ebony ce, kaga a 2017 dokar CITES, yarjejeniyar duniya ta kare itatuwa da dabbobin da ke neman ƙarewa, ta takura fitar da rosewood tsakanin ƙasashe sai kamfanoni da yawa suka koma wasu katakan. A kunnena rosewood ya fi taushi, ebony ya fi kaifi a sama, kuma bes ɗin da firiyam ɗinta ya riga ya yi ƙarfi ba na neman ƙarin kaifi. Bulus in ta Bukurun lafiyarta ƙalau ka ɗauka ka sayi amfilifayarka, koyo a gida kullum ya fi maka amfani a kan gefen allo mai laushi.

Maman_Joy:
Ɗana ni ba na kaɗa bes, kibod nake kaɗawa, amma maigidana gyaran gita yake yi kuma ina ganin abin da ake kawo masa duk hunturu. Ku kuna ta zancen ƙira kun manta garin da muke. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar Jos busar da katako take yi, allon ya ɗan tsuke, bakin ƙarafan firet da ke jere a kan allon su fito suna yankar hannu, wuya kuma ya motsa. Gitar da za ta taso daga damshin Legas ta sauka nan dole sai an sake saita ta bayan ta zauna, ka sa wannan a lissafinka, kuma ebony in ba a shafa masa ɗan mai ba yana iya tsagewa. Ta Bukurun kuwa ta riga ta sha hunturunmu, in za ta lanƙwashe da ta nuna. Ka je da wanda ya san aiki, a gwada ƙarfen cikin wuyan a ga yana juyawa gaba da baya, domin in ya mutu kuɗinka ya mutu. A buɗe gidan batir a duba ko ya taɓa zuba, batiran kasuwa marasa kyau sun lalata gitoci da yawa.

Bulus_Bes:
Na gode ƙwarai Mama, na gode Oga Danladi da Gyang. Wani abu kuma, mai ta Bukurun ya ce tana ɗan yin zuuu in an kunna janareta, wannan matsala ce ta tsohuwar ƙira ko kuwa?

Oga_Danladi:
A'a ba ta ƙira ba ce, duka biyun fikof, wato abin da ke ɗaukar sautin wayoyi, masu naɗi ɗaya gare su irin na Jazz Bass, in ka karkata maɓallin haɗawa gefe ɗaya za ka ji ƙarar, in ka mai da shi tsakiya fikof biyun su yi daidai sai ta ɓace. Ka gwada haka a gabansa. In a tsakiya ma tana yi, kuma ba ta ragu ba sa'ad da ka taɓa wayoyin kiɗan, to ka duba wayar ƙasa ta cikin gitar ko kuma wutar ɗakin ce ba ta da at, wato wayar da ke shiga ƙasa, wanda hakan ya yi yawa a gine-ginenmu. Ka juya kowane maɓalli a hankali ka saurari ko yana ƙarƙar, ka gwada fasif ma ba tare da batir ba ya kamata ta yi sauti. Kuma ka rataya ta a kafaɗa ka tsaya da ita na ɗan lokaci, wasu V7 suna da nauyi sosai kuma kai tsayuwa kake yi tun daga farkon sujada. Ranar Asabar ina gida, ka biyo ka riƙe tawa tsohuwar, yaron da nake koya wa yana da sabuwar zan ce ya zo da ita, sai mu wuce Bukurun tare.