Kotun da ba a shiga kallo: kotu ce ko hatimi?

Abdul PZ: Salamu alaikum jama'a. Jiya a wajen shan ataya a Aboabo saura kaɗan mu yi faɗa da Kawu Iddi, shi ya sa na kawo maganar nan kowa ya sa baki. Ni cewa na yi kotun asirin nan ta Amurka da ake kira FISA, wadda ke ba gwamnati izinin bin wayoyin mutane, ba kotu ba ce, hatimi ce kawai. Daga 1979 zuwa 2012 gwamnati ta kai mata buƙata sama da 33,000, guda 11 kacal ta ƙi. Kuma wai su ne masu koya mana dimokuraɗiyya.

Kawu Iddi: Wa alaikumus salam. Ɗana, kai gyaran waya ka sani. Ni na yi aikin ɗan sanda har na yi ritaya ban taɓa ganin an je wajen alƙali neman takardar binciken gida an gayyato mai gidan ya zauna ya saurara ba, in ka gaya wa mutum za ka bi layinsa ai sai ya jefa sim ɗin a kwata ya sayi wani. Kuma ka tambaya yaya abin yake kafin 1978. FBI sun dasa wa Martin Luther King na'urar ɗaukar magana har a ɗakin otal, ba alƙalin da ya sa hannu. Sai da kwamitin Sanata Frank Church ya tono wannan ɓarnar a 1975 sannan a 1978 aka yi dokar da ta kafa kotun. Alƙali a ɓoye ya fi babu alƙali.

Rashida: Barka da yamma Kawu. Yaya Abdul, lissafin nan naka gaskiya ne amma bai faɗi komai duka ba, don gwamnati kan fara tura wa ma'aikatan kotun takardar su duba, a ce mata gyara nan cire can, wasu ma ta janye su tun kafin a kai ga ƙi. Ni abin da ya dame ni daban ne, mun taɓo shi a aji a jami'ar KNUST da ke Kumasi. Ɓoye sunan wanda ake bi, wannan kowa ya yarda. Amma kotun ta riƙa fassara doka ita ma a ɓoye. Sashe na 215 na dokar Patriot, dokar Amurka ta yaƙi da ta'addanci, ya ce a karɓi bayanan da suka shafi wani bincike, sai kotun ta yarda cewa bayanan kiran kowa da kowa sun shiga ciki, aka yi shekaru ana haka mutanen ƙasar ba su sani ba, sai a watan Yuni 2013 da Edward Snowden, wanda ya yi wa hukumar leƙen asirin sadarwa ta Amurka, NSA, aiki, ya fitar da takardar, jaridar Guardian ta buga: umarni ga kamfanin waya na Verizon ya miƙa wa NSA bayanan kiran mutanensa kullum. To Kawu, ta yaya za ka je ka yi zaɓe kan dokar da ba ka san me take nufi ba?

Kawu Iddi: 'Yata, ai ba murya suka ɗauka ba, lambobi ne kawai.

Abdul PZ: Kawu lambobin su ne komai wallahi. Wa ya kira wa, ƙarfe nawa, minti nawa. Kawo min wayar mutum ka rufe min saƙonninsa ka bar min jerin kira kawai, zan gaya maka wanda yake bin shi bashi don shi ne lambar da ba ya ɗauka, da wadda yake kira ƙarfe ɗayan dare, da malamin da yake zuwa wajensa duk Alhamis, da ranar da aka kwantar da wani nasa a asibiti. Ba sai na ji muryarsa ba.

Nuru Bronx: Cale ku kuna ta jayayya kan haƙƙin Amurkawa kun manta da kanku. Akwai sashe na 702 da aka ƙara wa dokar FISA a 2008, shi an yi shi ne don wanda ba Ba'amurke ba kuma yake zaune a wajen Amurka, wato kai da ke Asawase. A nan kotun ba ta duba sunan kowa ɗaya bayan ɗaya, tsarin kawai take sa wa hannu shekara-shekara, sai NSA ta zaɓi wanda za ta bi ta nemi bayanansa wajen irin su Google da Facebook. Ba ka zaɓi majalisar da ta yi dokar ba, kuma ba wanda zai sanar da kai. Mu ma na nan Amurka ba mu tsira ba, a 2023 aka saki wani hukuncin kotun da ya nuna FBI sun shiga rumbun bayanan da aka tara ba bisa ƙa'ida ba sama da sau 278,000, har da neman sunayen masu zanga-zangar George Floyd.

Kawu Iddi: To wa ya kama su? Ba kotun da kuke zagi ba?

Nuru Bronx: Ita ce Kawu, amma bayan an riga an yi, kuma mu sai daga baya muka ji.

Malam Habibu: Allah ya ce a Suratul Hujurat, wa la tajassasu, kada ku yi leƙen asirin juna. Malamai sun ba hukuma dama in ana tsoron salwantar rai, amma da iyaka. Tambayata ita ce wa ke naɗa alƙalan?

Rashida: Malam, su 11 ne, babban jojin Amurka shi kaɗai ke zaɓo su daga cikin alƙalan tarayya, kowa ya yi shekara 7. Kuma lauyan gwamnati ne kawai ke tsayawa gabansu, sai a 2015 aka yi gyara aka tanadi wasu masana da kotun kan kira su kawo ɗaya ɓangaren, shi ma in ta ga buƙata.

Kawu Iddi: Ku dubi Burkina Faso nan kusa da Paga da Bawku ku ga abin da ke faruwa, sannan ku ce kada a saurari kowa. Mai kaza a aljihu shi ba ya jimirin as.

Hajiya Balki: Alhaji Iddi, ni ba ni da kaza a aljihu, atamfa nake sayarwa a Kejetia, amma na san in aka ce ana zargi mu 'yan zango ake fara dubawa. A 2018 yaranmu bakwai aka harbe a Manso Nkwanta aka ce 'yan fashi ne, sai da mutanen Asawase suka fito aka kafa kwamiti, kwamitin ya ce ba shaidar haka. Da a ɗaki aka rufe aka ji bakin ɓangare ɗaya, har yau 'yan fashi za a kira su. Kuma ba a nan Ghana aka ɗaure manyan jami'ai a 2020 kan dala miliyan 4 ta na'urar leƙen waya ta Pegasus ba? Wa ya san da ita kafin maganar kuɗi ta kai su kotu?

Kawu Iddi: Hajiya wannan maganar ta yi min zafi, Allah ya jiƙan yaran. Amma ba sauraron waya ya kashe su ba.

Rashida: Jin ɓangare ɗaya take nufi Kawu. Ko Carter Page, wanda ya yi aiki a kamfen ɗin Trump, a 2019 mai binciken ma'aikatar shari'arsu ya gano kurakurai da abubuwan da aka tsallake guda 17 a takardun da FBI suka kai wa kotun a kansa, kuma kotun ta sa hannu sau 4 don ba wanda zai tashi ya ce ƙarya ne. Ni ban ce a buɗe ƙofa kowa ya shiga ba. A share sunaye, a buga hukuncin da dalilinsa, a sa lauyan da aikinsa kullum shi ne musu da gwamnati. Mu ma sashe na 18 na kundin tsarin mulkin 1992 ya kare sirrin saƙonninmu, kuma ya bar ƙofar tsaro a buɗe.

Kawu Iddi: Lauyan na yarda. Buga hukunci kuwa, wa zai riƙe biron share sunayen in ba gwamnatin ba?

Abdul PZ: Yawwa Kawu, ai ka zo inda nake tun jiya.

Kawu Iddi: Ban zo ba. Kai ka ce hatimi ce, ni na ce a ƙara mata lauya.