Launin dare a Kivy: shafi ɗaya ya canza, sauran sun ƙi

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina haɗa 'yar manhajar rubuta bashi don shagon yayana da Kivy (kayan haɗa manhaja na yaren Python), shafi huɗu a cikin ScreenManager, wato abin da ke kula da sauyawa daga shafi zuwa shafi. Na sa maɓallin komawa launin dare, amma shafin da nake kai kaɗai ke yin baƙi. Ina komawa na farko sai in tarar da shi fari fat. Wa ya taɓa shan wannan wahalar?

Ɗan Zariya: Wa alaikumus salam. Kwana biyu cur na yi a kanta. Na yi ta bin walk(), umarnin da ke zagaya abubuwan da ke jikin manhajar, ina neman kowane rubutu don in sauya masa launi, ashe ScreenManager shafin da ke gaba kaɗai yake riƙewa a jikinsa, sauran suna ajiye a jerin screens. Da na zagaya wannan jerin, kowa ya karɓi launinsa. In guda kake nema, get_screen da sunan da ka raɗa masa; ka kuskure harafi ɗaya manhajar ta mutu.

Malama: Ƙanena, hanyar nan tana aiki, amma ni ta gajiyar da ni. Duk shafin da na ƙara sai na koma na gyara aikin sauya launi, rannan na manta da ɗaya, rubutu baƙi a kan baƙi, mai gwada min ya ɗauka wayarsa ce ta lalace. Yanzu launuka uku nake ajiyewa a cikin App, wato uwar manhajar, a matsayin ColorProperty (ma'ajin launi mai sanar da duk mai amfani da shi in an canza shi): na bango, na rubutu, na maɓalli. A fayil ɗin kv, inda ake tsara kamannin shafuka, kowane shafi yana karanta app.launin_bango a canvas.before, wurin zana bangon shafi. Na canza shi sau ɗaya, har shafin da ba a buɗe ba ya bi.

Wani daga Maraɗi: Ni maɓallai ne suka ba ni ciwon kai. Na sa ja, sai ya fito jajaja-jajaja mai duhu, don background_color rina hoton toka na asali yake yi. Sai da na bar background_normal, wurin sunan wannan hoton, babu komai.

Mai tambaya: Allah ya saka, Malama, taki na bi, huɗun duk sun juya. Na kuma gano wani shirmena: 30 nake rubutawa a lambar launi alhali daga 0 zuwa 1 ake so. Saura in ajiye zaɓin a JsonStore, fayil ɗin adana bayani, don Yaya ya ce kullum da safe manhajar tana dawo masa fara.