Wane suna za mu raɗa wa "horn section" da Hausa?

Jama'a, salamu alaikum. Ina neman agajin masu harshe. Ina cikin rubutu kan kiɗan James Brown da na Fela Kuti, da na iso kan abin da Turawa ke kira horn section sai alƙalami ya tsaya cak. Ga wanda bai sani ba, mutanen nan ne, biyu ko uku ko biyar, da suke jeruwa a gefen mawaƙi, wannan riƙe da turampet, wancan da saksofon, wani da turombon, su busa tare kamar da baki ɗaya. Kowa ya taɓa jin su, amma ban taɓa jin sunansu da Hausa ba.

Kafin a kawo shawara, bari in faɗi aikinsu, don suna daga aiki yake fitowa. A birnin Memphis na Amurka, kamfanin faifai na Stax ya taɓa samun mutum biyu, Wayne Jackson mai turampet da Andrew Love mai saksofon, ɗaya fari ɗaya baƙi, duka an haife su a watan Nuwamba na 1941, kwana uku tsakani. Su ne aka sani daga baya da Memphis Horns. A faya-fayen mawaƙi Otis Redding, inda wasu kamfanoni za su sa mata su riƙa amsa waƙa, a Stax busa ce take amsawa. Otis yakan rera musu abin da yake so da baki, su ɗauka da ka, ba takarda. Ya ja baiti, su cafe, ya numfasa, su cike gurbin. Duk wanda ya tashi da jin Shata ko Ɗan Ƙwairo ya san wannan aiki. Aikin 'yan amshi ne, sai dai da ƙarfe a baki.

Na riga na yi wannan tambayar a baya, to ga abin da ya shigo tun daga lokacin.

Da yawa sun ce "sashen ƙaho" ko "'yan ƙaho". Na gane inda aka dosa, fassara ce kai tsaye, kuma ba a rasa hujja ba: a cikin kayan busar fada akwai ƙaho na gaske, na gwanki, wanda ake busawa ta gefe. Turawa ma daga ƙahon dabba suka samo kalmar tasu. Amma ka ce wa Bahaushe "mai ƙaho ya iso", wanzami zai zata. Kunne ba zai kai shi wajen kiɗa ba. Wannan na ajiye ta.

Wani malami daga Zariya ya ce a yi amfani da "'yan kakaki", tunda kakaki ƙarfe ne, kuma da leɓe ake busa shi kamar turampet da turombon. Allah ya ƙara wa malam lafiya, ta fuskar yadda sauti ke fita maganarsa daidai ce. Matsalata biyu. Kakaki kayan sarauta ne, ba a busa wa kowa shi, kuma raina bai kwanta da a ɗauki sunansa a kai gidan rawa ba. Na biyu, kalmar ta riga ta yi wani aure: yau in ka ce kakaki, mutane shugaban majalisa ko mai magana da yawun gwamna suke ji. Ga kuma saksofon, wanda shi ba da leɓe kaɗai yake kuka ba, wani ɗan harshe na kara ne a bakinsa yake kaɗawa. Ta nan ya fi kusa da algaita, ko da yake jikinsa na tagulla ne. Adolphe Sax ɗan Beljiyam ne ya ƙirƙiro shi, ya yi masa rajista a 1846. Sunan da za mu zaɓa dole ya ɗauki dangin kakaki da dangin algaita a lokaci guda.

"'Yan badujala" kuwa na sojoji da 'yan sanda ne a filin fareti, har da masu ganguna a ciki. A bar musu abinsu.

Wadda ta fi jan hankalina da farko ita ce "'yan busa". Gajera ce, tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da "'yan amshi", har na fara rubuta ta. Sai wata baiwar Allah daga Maraɗi ta tuna mini abin da na sha'afa: a bakin matasa, busa ta koma ta hayaki. Ka rubuta "'yan busan Fela", rabin masu karatu wani abu daban za su fahimta. Gaskiyarki, Hajiya, na gode. Kalmar da sai an bi ta da bayani kullum ba ta gama nuna ba.

Abin da ya rage shi ne wanda ke hannunmu tun kaka da kakanni: mabushi, jam'i mabusa. "Makaɗa da mabusa" ba baƙuwar magana ba ce, har sarautar Sarkin Busa muna da ita. Mai algaita mabushi ne, mai kakaki mabushi ne, mai farai haka, don haka mai saksofon ma ya samu wurin zama. Saura abu ɗaya, yadda za a nuna cewa ba tarin mutane ba ne kawai, ƙungiya ce a cikin ƙungiya.

Nan nake ba da tawa: sahun mabusa.

An ce mini me ya hana "rukunin mabusa". Ba laifi, amma rukuni kalmar ofis ce, ba ta nuna komai a ido. Sahu kuwa ana ganinsa. A jere suke tsayawa, kafaɗa da kafaɗa, su ɗaga tare, su sauke tare, kuma in ɗaya ya karkace duka ya lalace. Ku duba na James Brown: Maceo Parker da Pee Wee Ellis a saksofon, Fred Wesley a turombon. Busarsu gajera ce, a datse, kamar dukan ganga, kuma maigidan nasu tara yake cin duk wanda ya kuskure. Wannan ai horon sahu ne. Ko na Fela a ƙungiyarsa ta Africa 70, inda Tunde Williams ke riƙe da turampet, Lekan Animashaun da ƙaton saksofon mai kaurin murya yana tokare ƙasa. Sukan share mintuna suna kai da kawo kafin Fela ya buɗe baki, in ya fara kuma su koma amsa masa tare da mata 'yan amshi. Shi kansa Fela turampet ya fara riƙewa, tun yana karatun kiɗa a Landan daga 1958, daga baya ya koma saksofon.

Na gwada kalmar a jimloli don in ji ko za ta yi tuntuɓe. Sahun mabusan ƙungiyar Earth, Wind & Fire, wato Phenix Horns, sun yi wa mawaƙi Phil Collins aiki. Ƙungiyar Tower of Power ta birnin Oakland, wadda aka kafa a 1968, sahun mabusanta ya fi mawaƙanta suna. Skatalites na Jamaika kusan duk ƙarfinsu a sahun mabusa yake, da Don Drummond a turombon. Ban ji inda harshe ya sarƙe ba.

Wani ya tambaya, to mutum biyu kamar na Memphis, su ma sahu ne? Ina ganin e. Biyu in sun daidaita kafaɗa sun yi sahu.

Ƙari kan haka, ɗan gajeren sautin nan da suke maimaitawa bayan mawaƙi, ni "amshin busa" zan kira shi. In ɗaya ya fito daga sahu ya yi tasa shi kaɗai, kamar yadda James Brown kan kira sunan Maceo a tsakiyar waƙa ya sakar masa fili, sai mu ce mabushi ya fita sahu, ko ya yi busar tilo. Ta biyun ban gama yarda da ita ba tukuna.

A rubutun nawa dai sahun mabusa zan sa. 'Yan uwa na Damagaram da Kumasi, ku faɗa mini ko a wajenku kalmar tana da wata ma'ana da za ta ɓata ta, kafin in miƙa shi ranar Alhamis.