Dandaƙa ko fiɗiya? Ku taya ni neman sunan abin da za a yi wa Barde

Jama'a, kalma nake nema. Shekaranjiya bayan Magariba ƙanena ya shigo wurina a Mabera, ya zauna bakin tabarma, shayin da aka zuba masa har ya huce bai taɓa ba. Na ce lafiya dai? Ya ce, "Yaya, likita yac ce a dandaƙe Barde."

Barde karensa ne. Watansa bakwai, ruwa biyu ne, uban Alseshan irin na 'yan sanda, uwar 'yar gida. Shi ke tsare masa 'yar gonar kaji da raguna da ya kafa wajen Kwannawa. Tun da ya fara jin ƙarfi ya koyi haura katanga da dare, sau biyu yana dawowa da asuba kunne a yage. A na biyun ne aka kai shi asibitin dabbobi ɗinki, likita ya duba shi ya kawo waccan shawara.

Na ce, da bakinsa likitan ya ce dandaƙa? Ya yi jim. Ashe da Turanci ya faɗa, "niyuta", yaron da ke riƙe masa kare ne ya fassara.

To a nan na ga inda rabin damuwar take. Duk wanda ya tashi gidan da ake kiwo ya san mece ce dandaƙa. Ana kayar da bunsuru, mutum biyu su danne, a ɗora jijiyar maraina a kan itace a yi ta bugu har ta mutu, dabba na ihun da unguwa duka za ta ji. Ba a yanka, ba jini, marainan suna nan a jiki, a hankali suke motsewa. Masu aikin dabbobi na yanzu suna da wani ƙarfe mai kama da awartakin maƙeri, Burdizzo, da ke matse jijiyar lokaci guda. Ya fi bugu sauƙi nesa ba kusa ba, amma dai dandaƙa ce. Wannan hoton ne ƙanena ya kwana da shi a kai: Barde a ƙasa, ana bugu.

Abin da likita ke nufi daban ne. Kare zai kwana bai ci abinci ba, da safe a yi masa allurar barci, a aske wurin a wanke, a ɗan tsaga fata gaban jakar, a ɗaure jijiyoyi, a cire 'ya'yan marainan biyu, a ɗinke. Galibi ran nan zai koma gida. Sai a sa masa wata roba mai kama da mazurari a wuya don kada ya lashe ɗinkin, a hana shi tsalle-tsalle, bayan kwana 10 zuwa 14 a cire zare. Ina dandaƙa a nan? Babu abin da aka daka.

Da na kai maganar wurin Kawu, wanda ya yi shekaru yana dillancin awaki a Kara, bai bari na ƙarasa ba. Ya ce, "Wagga ba dandaƙa ba ta, hiɗiya ta. Ku yaran yanzu komi kun haɗe." A bakinmu na Sakkwato hiɗiya, a rubutu fiɗiya. A tsaga a fitar, ke nan. A fiɗiye kare, an fiɗiye shi, fiɗiyayye ne. Kalmar tana da aikatau, tana da siffa, tana shiga kowace jimla ba tare da an tura ta ba. Ni dai ga namiji ban ga abin da za mu tsaya ƙirƙira ba, muna da abinmu.

Wani abin da ya burge ni, Larabci ma ya raba biyun yadda muka raba. Suna da "khisa'i", cirewa, suna da "wija'i", dakawa. Wanda ya yi karatun hadisi zai tuna inda aka hori saurayin da ba shi da halin aure ya lazimci azumi, kalmar da aka kamanta azumin da ita ita ce ta biyun. Ashe makiyayan can ma sun ga bambancin har suka ba kowanne suna. To don me mu da muke da jar akuyar da fatarta ta yi suna har ƙetaren hamada za mu bari kalmominmu biyu su narke su zama ɗaya?

Na dawo, na ga sunayen da kuka kawo bayan na nemi taimakonku. Bari in bi wasu.

Masu cewa "kaciyar kare", don Allah ku bari. Wanda aka yi wa kaciya yana haihuwa, duk mun shaida. Ranar da likita ya ce wa mutumin ƙauye za a yi wa karensa kaciya, wanzami zai je ya ɗauko.

Wani malami ya kawo "baba", wato irin bayin fadar da, babanni, ya ce a ce an babantar da kare. Ma'ana ta yi daidai, kuma na ji daɗin tono tsohuwar kalma. Matsalar rubutunmu ce, ba ma sa alamar sauti. Baba mahaifi, baba na rini, baba na fada, duk harafi huɗu ne iri ɗaya. Ka rubuta wa ƙanenka a waya "an mai da Barde baba", zai ɗauka karyar maƙwabta ce ta haihu, akasin abin da kake nufi ke nan sak.

Akwai wanda ya ce a bar ta "niyuta" kawai, ai mun karɓi asibiti, mun karɓi tiyata da likita. Gaskiya ne mun karɓa, amma waɗancan sun shigo ne inda suka tarar da gurbi. Wannan kuwa ɗakin da mai shi. Kuma kalmar ba ta gaya wa Bahaushe komai, shi ya sa yaron asibiti ya cike ramin da abin da ya fara zo masa baki. Asalinta daga Latin ne, ma'anarta "ba wannan ba, ba wancan ba". In ka bi ta a haka za ka faɗa kan mata-maza, wanda wani abu ne daban na halitta, kuma shi ne ainihin tsoron ƙanena aka sa wa suna.

Don da na warware masa zancen bugu, sai ainihin abin ya fito. Ya ce, "In anka yi mai wanga aiki, ba raggo za shi koma ba? Karen da ba shi haushi, mi za ni yi da shi?" A idonsa taure yake gani. Bunsuru mai wari da faɗa da bin akuyoyi, a yi masa aiki ya koma taure, ya kwanta inuwa yana tara kitse har ranar yanka. Kusan duk abin da Bahaushe ya sani game da fiɗiya daga dabbar nama ya san shi, kuma ita don ta yi ƙiba ake yi mata. Ba mamaki mai karen gadi ya tsorata.

Abin da ke raguwa shi ne abin da sinadarin maraina ke ingizawa: yawon bin karya, hawan duk abin da ya gani, ɗaga ƙafa yana yayyafa fitsari a kowace kusurwa, neman faɗa da 'yan'uwansa maza. Haushin baƙo da kishin gida ba daga can suke fitowa ba, na jini ne da horo. Karen da ke tashi in ya ji motsi bayan katanga zai ci gaba da tashi, har ma gara shi, don yana gida lokacin da ɓarawon ya zo. Haka nan karen da ke cizo don tsoro, fiɗiya ba ta gyara shi. Ƙiba kam gaskiya ce, jikinsa zai rage ƙona abinci, in ka ci gaba da cika masa kwano kamar da, zai yi taiɓa. Maganinta a hannun mai kwano yake. Da na gama duk wannan bayani ƙanena ya ce an ce da kare ana biki gidansu, ya ce mu gani a ƙasa.

Inda na goyi bayansa shi ne gaggawa. An daɗe ana cewa wata shida, kuma ga ƙananan karnuka ba laifi. Manya irin uban Barde kuwa ƙashinsu bai gama tsayawa ba sai sun haura shekara, kuma wannan sinadarin yana cikin abin da ke gaya wa ƙashi ya daina tsawo. Masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, a Amurka, sun fitar da nazari a 2016 kan wannan irin na Alseshan, suka ga waɗanda aka yi wa aikin kafin shekara ɗaya sun fi samun ciwon gaɓoɓi. Saboda haka tambayar da ya kamata ya koma wa likita da ita ita ce yaushe. A ɗaya gefen kuma, wanda ba shi da maraina ba ya kamuwa da dajin maraina, kuma kumburin nan da ke matse wa tsofaffin karnuka maza hanyar fitsari da kashi yana raguwa ƙwarai. Ga kuma yawon dare, wanda shi ne ya fi tsorata ni. Karen da ke dawowa da kunne a yage ba ka san da wa ya yi faɗa ba, haukan kare kuwa a yawu yake, in ya bayyana a jikin mutum sai dai Allah Ya ji ƙai. Fiɗiya ba ta maye gurbin allurar rigakafi, wannan duk shekara ce, kuma ana haɗa maganin a nan gida, a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke Jihar Filato.

Wani ya tambaya ko ya halatta ma. Ni ba mai fatawa ba ne, amma wanda ya zauna zaure ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid zai tuna cewa can wajen ƙarshe an kawo zancen biyu kusa da juna: ba a ajiye kare sai don gona ko dabbobi ko farauta, sannan babu laifi a fiɗiye tumaki da awaki saboda gyaran nama, an kuma hana a yi wa dawaki. Barde na tsaron dabbobi ne, ta nan ya tsira. Ragowar tambayar kuwa, ƙanena zai kai wa malaminsa, kuma na roƙe shi in ya je ya ce fiɗiya da allurar barci, kada ya ce dandaƙa, don hukunci yana bin yadda aka siffanta abu.

Yanzu inda na maƙale. Kalmar Turancin tana ɗaukar namiji da mace duka, tamu ba ta ɗauka. Ba a fiɗiye karya. Ita cikinta ake buɗewa a cire mahaifa da ma'ajiyar ƙwai, aiki ne da ya fi na namiji girma, Turawa ma suna da wata kalma dabam dominsa. "Cire mahaifa" ya wadatar, kowa ya san shi daga asibitin mutane. Wata 'yar'uwa ta kawo "juyantarwa", daga juya, saniyar da ba ta haihuwa. Dabara ce mai kyau, sai dai kunne zai ji juyawa, kamar an juya ta ne ta kalli gabas. Kuma juya kalma ce da ake soka wa mata a gidajen aure, ba na son a ƙara mata aiki.

Ga laimar da za ta rufe biyun, wadda za a rubuta a allon asibiti ko a faɗa a rediyo in ana kiran masu karnuka, abu uku kuka kawo. "Tsai da haihuwa" ya riga ya zama na mutane, kuma yana nuna kamar za a iya ci gaba daga baya, alhali wannan ba a komawa. "Kashe iri" ya yi nauyi, ƙanena da ya ji kashe zai ɗauki karensa ya tafi. Ni "yanke iri" na zaɓa. Manomi ya san iri, makiyayi ya san iri, yankewa kuma ta faɗi gaskiya cewa an gama. Tiyatar yanke iri: ga kare fiɗiya, ga karya cire mahaifa. Na gwada ta a kan Kawu ba tare da bayani ba, ya ce, "Awo, don kar su cika gari." Abu ɗaya da za a riƙa ƙarawa, irin ba ya yankewa ran nan. Namiji yana iya yi wa karya ciki har 'yan makonni bayan aikin, sai a ci gaba da tsare shi.

Ƙanena ya ce zai ƙara bulo biyu a kan katanga, ya jira Barde ya cika shekara, ya kuma daidaita abin da sanyin hunturu don ƙuda da zafin Sakkwato ba su da kirki ga ɗinki. Har yanzu bai ce e ba, bai ce a'a ba. Amma jiya na ji shi a waya yana ce wa wani, "ba dandaƙa ba ta, hiɗiya ta," da muryar Kawu.

Saura guda. Bunsuru in an yi masa aiki ya samu sabon suna, taure. Kare fa? "Fiɗiyayyen kare" ya yi tsawo a baki. Mafarautan Gwadabawa da Tangaza da suka fi mu zama da karnuka, in kuna da sunan da kuke kiransa, ku kawo.