Kallon fim mai kaifin hoto a na'urar wasa: faifan waje ko intanet?

Malamin Lise, Garwa: Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da yamma. Ina neman shawarar masana. Akwai na'urar wasa PS4 ta yarana a gida, ina kuma da faifan ajiya na waje mai tera 1 wanda na tara finafinai da bidiyon bukukuwan dangi a ciki, yawancinsu masu kaifin 1080p. A kwamfuta komai yana buɗewa, amma idan na jona shi a PS4 sai ta ce ba ta gane tsarinsa ba. Shin akwai gyara, ko in haƙura in koma kallo ta intanet kamar yadda yaran suke matsa mini?

Mai Gyara, Marwa: Wa alaikumus salam, Malam. Faifanka lafiyarsa ƙalau. Galibin faifan da ake sayarwa suna zuwa da tsarin NTFS na Windows, ita kuwa PS4 FAT32 da exFAT kaɗai take karantawa. Ka kwashe duk abin da ke ciki zuwa wani wuri, ka mayar da faifan exFAT a kwamfuta, sannan ka dawo da kayan. Ka kuma tabbata manhajar Lecteur multimédia, wato mai kunna fim da waƙa, tana kan na'urar, domin ba da ita aka fito da PS4 a 2013 ba, sai a 2015 Sony ta sake ta, kuma sai an sauko da ita daga PlayStation Store. Kada ka zuba finafinan a bakin faifai haka kawai, ka buɗe musu jaka, domin manhajar ba ta ganin fayil ɗin da ba ya cikin jaka.

Ɗalibi, Ngaundere: Abin da Yaya Mai Gyara ya faɗa shi ne daidai, haka na yi wa tamu.

Alhajin Kasuwa, Ngaundere: Malam, don Allah ka tsaya ka karanta wannan kafin ka taɓa komai, domin a daidai wannan gaɓar aka yi mini asarar da har yanzu take ci mini rai. Ni ma faifaina ya ƙi fitowa, sai na aika da shi tare da na'urar wani shago a kasuwa. Yaron shagon ya jona, ya shiga saituna, ya ga inda aka rubuta stockage étendu, ya danna, na'urar ta gargaɗe shi cewa za ta share komai, shi kuwa ya amince bai kira ni ba. Wannan zaɓi an ƙaro shi ne a 2017 domin a riƙa ajiye wasanni a faifan waje, ba shi da alaƙa da fim ko kaɗan. Da zarar an yi shi, faifan ya koma na wasanni zalla, kwamfuta ma ba ta buɗe shi yadda ta saba. Finafinai ba su dame ni ba, ana sake samunsu. Abin da ya tafi shi ne bidiyon auren 'yata da na walimar saukar ɗana, wanda a cikinsa akwai mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, tana sa wa yaron albarka, kuma ba ni da kwafinsu a ko'ina. Wani masani ya gwada manhajojin ceto fayil, ya samo kaɗan, mafi yawa kuwa sun fito a lalace saboda an riga an zuba wasanni a kansu. Saboda haka ina roƙonka, bidiyon dangin nan ka ajiye su a wuri biyu tun yau, kuma faifan fim daban, faifan wasa daban. Ka gaya wa yaran ma, domin su ne suke riƙe da manet, wato abin sarrafa wasan, kullum.

Malamin Lise, Garwa: Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa aljanna ce makomarta. Na gode Alhaji, a daren nan zan kwafe su.

Mai Gidan Wasa, Garwa: Amin. Ga masu PS3 kuwa, waɗanda har yanzu suna da yawa a unguwanninmu, lamarin ya fi tsauri: FAT32 kawai take karɓa, shi kuma FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗin da ya kai giga 4, alhali fim mai kyau na 1080p yakan wuce haka. Ba ta kuma buɗe fayil ɗin fim na MKV, sai an mayar da shi MP4. Idan faifan ya fito amma ba a ga komai a ciki ba, a danna maɓallin alwatika a zaɓi nuna duka.

Ɗalibi, Ngaundere: Akwai matsala ta biyu da za ta tarar da Malam bayan exFAT, gara a faɗe ta tun yanzu. Zai ga fayil mai suna MKV ya buɗe, wani MKV ɗin ya ƙi, ya ɗauka na'urar ce take da aljanu. MKV da MP4 kamar buhu ne, abin dubawa shi ne hatsin da ke ciki. PS4 tana karanta hoton da aka matse da H.264, amma yawancin sababbin fayilolin da ke yawo yanzu da H.265 aka matse su, domin sun fi ƙanƙanta, kuma waɗannan ba ta buɗe su. Haka sauti: AAC da AC-3 da MP3 suna tafiya, amma idan DTS ne, ko dai hoto ya zo babu murya ko fayil ɗin ya ƙi baki ɗaya. Maganin shi ne HandBrake, manhaja ce ta kyauta a kwamfuta, a zaɓi H.264 da AAC. Sai dai a ƙaramar kwamfuta fim ɗaya yakan ci awoyi, don haka a sa shi lokacin da ake da tabbacin wuta.

Ɗan Kuseri: Duk wannan wahalar ta masu PlayStation ce. Xbox One tana karanta NTFS kai tsaye, tana buɗe H.265, ana kuma iya sa mata VLC ko Kodi daga kantinta. One S ta 2016 har faifan Blu-ray na 4K take kunnawa, abin da PS4 Pro da ta fito a shekarar ba ta yi. Wanda kallo ne babban burinsa, ita ya kamata ya saya.

Mai Gidan Wasa, Garwa: Ƙanena, mutum ya tambayi yadda zai yi da abin da ke hannunsa, kai kuma kana aika shi kasuwa. Idan manet ɗin Xbox ya lalace a Garwa, a shago nawa za ka sami wani? Na PS4 kuwa ko'ina akwai, da masu gyaransa. Sannan ita ma Xbox tana tambaya idan aka jona faifai, na kallo ne ko na wasanni, wanda ya zaɓi na wasanni abin da ya sami Alhaji zai same shi.

Ɗan Kuseri: Ban ce ya sayar da tasa ba, Yaya. Mu nan muna samun kayan Xbox a Njamena, tsallaken gada ne kawai.

Hajiya, Njamena: An bar rabin tambayar Malam a baya, wato batun intanet. Netflix ta iso ƙasashenmu tun Janairun 2016 kuma tana aiki a PS4, haka YouTube. Amma a yi lissafi kafin a biye wa yara. Bisa ƙididdigar Netflix da kanta, awa ɗaya ta hoto mai kaifi tana iya cin giga 3, ta 4K kuwa har giga 7, kuma ana buƙatar gudun akalla megabit 5 a daƙiƙa domin 1080p ya tsaya ba yankewa. Ke nan fim mai awa biyu zai iya lashe giga 6, ban da kuɗin wata na Netflix ɗin. Wanda yake da layin intanet na fibar a gida, wannan ba komai ba ne. Wanda kuwa da ƙaramin modem ko wayarsa yake rarraba intanet, forfensa, wato datar da ya saya, ba zai kai ƙarshen mako ba, kuma da daddare idan layi ya cika hoton da kansa yake sauka ya dushe, ka biya kuɗin kaifi ka kalli hazo. PS4 ta yau da kullum ma ba ta wuce 1080p, don haka kada a biya tsarin 4K saboda ita.

Mai Sola, Gidar: Ni tambayata ita ce, me ya sa sai ta na'urar wasa? PS4 ta farko tana jan kusan wat 90 a lokacin kallo, ƙaramin akwatin Android kuwa bai kai wat 10 ba, kuma yawancin talabijin na yanzu suna da ramin USB da ke buɗe fim da kansu. Mu da muke dogara da dam ɗin Lagdo mun san yadda wuta take zama idan ruwa ya ja baya da rani, kuma duk wanda ke kan batir zai ga bambancin a dare ɗaya. Ga zafin Maris da Afrilu da ke wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe fankar na'urar.

Malamin Lise, Garwa: Na gwada ramin talabijin ɗin, Malam, tsohuwa ce, hoto yana zuwa yana sarƙewa. Shi ya sa na koma kan PS4.

Mai Gyara, Marwa: To tunda an kawo batun wuta, ga abin da ya kamata a sani game da exFAT: ba shi da kundin da NTFS yake riƙewa domin gyara kansa, saboda haka idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar kwafi ya fi saurin rikicewa. A yi kwafi da kwamfutar hannu mai caji, a kuma cire faifan ta hanyar da ta dace. Akwai ma hanyar da ba sai an taɓa tsarin faifan ba: a bar shi a jikin kwamfuta, a sa mata manhajar Universal Media Server, a haɗa ta da PS4 a kan rauta ɗaya, in so samu da waya ba Wi-Fi ba. Lecteur multimédia zai ga kwamfutar ta DLNA, wato hanyar raba fim tsakanin na'urorin gida, fim ya riƙa tafiya a cikin gida ba tare da an ci mega ko ɗaya ba, kuma Universal Media Server tana iya juya H.265 nan take idan kwamfutar tana da ƙarfi. PS5 ba ta zo da DLNA ba, masu ita sai su yi amfani da USB ko manhajar Plex.

Mai Sola, Gidar: Wato a kunna na'ura uku da rauta domin fim ɗaya. Batir ɗin gida ba zai ɗauki wannan ba.

Ɗalibi, Ngaundere: Mafi sauƙi ga Malam shi ne ya sayi kile, wato ƙaramin filashin USB, mai giga 64, ya yi masa exFAT, ya riƙa ɗiban finafinan mako a ciki, babban faifan ya zauna a gida ba a taɓa shi ba.

Alhajin Kasuwa, Ngaundere: Wannan na yarda da shi, ɗana, amma a kula da kilen jabu da suka cika kasuwa. Za ka ga an rubuta giga 128, kwamfuta ma ta nuna haka, alhali ainihin cikinsa kaɗan ne, fim ya kwafu kamar lafiya, ya tsaya a tsakiya.

Mai Gyara, Marwa: Ana gane su da manhajar H2testw, tana cika kilen tana karantawa ta faɗi gaskiyar girmansa. A gwada tun ranar saye, kafin mai shago ya ce ba a wurinsa aka ɗauka ba.

Ɗan Kuseri: Gwajin yana share abin da ke cikin kilen, ko za a iya yi da kaya a ciki?

Mai Gyara, Marwa: Sararin da babu komai kawai take gwadawa, don haka a kwashe kayan tukuna idan ana son a auna shi duka.