Maganar cajin waya ga masu tafiyar keke zuwa Madina

Jiya bayan Isha'i mun zauna da 'yan uwa nan Jidda kan tafiyar keke zuwa Madina, wajen kilomita 400 ne da ɗoriya, kwana a tanti, sai hirar ta koma kan caji, ga abin da na tsinta.

Kusan kowa ya yarda fawa bank shi ne gaba, mai 20,000mAh zai cika waya kamar sau uku, kuma gara ka riƙe biyu matsakaita da ka dogara da ƙato ɗaya don in ya mutu shikenan. Amma fa zafi ne babban abokin gaba, batir ba ya son caji in zafi ya haura digiri 45, kar ka bar shi a jakar da rana ke duka, cusa shi tsakiyar kaya, waya ma in ka ɗaure ta a kan keke da rana tsaka sai ta ƙi ɗaukar caji.

Sola an yi ta musu. Rana dai akwai ta, sai dai ƙura na rage wa farantin sola ƙarfi, ka riƙa goge shi, kuma ka caja fawa bank da ita ba waya kai tsaye ba. Dinamo kuwa, wato na'urar da ke tsakiyar taya mai ba da wuta in taya na juyawa, wat 3 kawai yake bayarwa, ni ban ga ya kai kuɗinsa ba.

Wani dattijo ya ce duk gidan man da aka tsaya sallah ka nemi izini ka saka caji, ka taho da filogi mai ƙafa uku da caja mai sauri. Taswira kuma a sauke tun daga gida.